Jar ƙura ta cika mini tirela, uwargida ta ce ita da yara ba su ƙara shiga

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Aboabo, nan Kumasi. Sana'ata kai baƙi arewacin Ghana: masallacin Larabanga, gandun dajin Mole, wani lokaci har Wechiau wurin dorinar ruwa, ko Salaga ga masu son ganin tsohon zangon kakanninmu. Bara na tara kuɗi na sa wani mai walda ya ƙera mini 'yar tirela mai gado da wurin girki, ina janta da a-kori-kura. In muna kan kwalta lafiya lau. Da mun sauka kan burji, kafin mu kai masauki jar ƙura ta rufe katifa, ta shiga shinkafa, har cikin akwatin tufafi. Na sayi silikon na liƙe ko'ina, na manna salatif a tagogi, har ramin da ke ƙarƙashin tukunyar gas na toshe, amma kamar ƙara ta nake yi. A hutun Disamba na tafi da iyali, ɗana mai ciwon asma ya kwana yana tari, uwargida ta ce ita da yara ba su ƙara shiga. Yanzu na rasa na yi: in je mu yi ta da mai waldan, ko in sayar da ita in huta?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba yaro lafiya.

Kafin mu taɓa maganar ƙura, ka ajiye wayar nan ka je ka buɗe ramin da ka toshe a ƙarƙashin tukunyar gas. Yau, ba gobe ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya daga tiyo ko bakin tukunya, ƙasa yake bi ya kwanta, kuma wannan ramin ne kaɗai hanyar da zai zube waje. Ka toshe shi, gas ya taru a ƙasan ɗakin da kake kwantar da mutane, ashana ɗaya ko tartsatsin wayar batir ya isa. Mai waldan da ya huda wurin ya san abin da yake yi. Abin da ake so shi ne akwatin tukunyar ya kasance a rufe ruf ta ɓangaren ɗaki, a buɗe ta ɓangaren waje. In ƙura ta shiga akwatin gas ba ta cuci kowa ba, tsumma ɗaya ya share ta. Kuma duk lokacin da za ku hau hanya, a rufe tukunyar daga kanta. Haka nan in firjinka mai aiki da gas ne, kafofin iskarsa ba a toshe su yana kunne.

To, yanzu ƙurar.

Kada ka sayar da tirelar nan, kada kuma ka je da faɗa wurin mai walda. Abin da ya same ka yana samun tirelolin da aka ƙera a manyan masana'antu, waɗanda ake sayarwa da kuɗin da ni da kai ba mu taɓa riƙewa ba. A Ostireliya, inda mutane ke jan irin waɗannan ɗakuna ɗaruruwan kilomita a kan jar ƙasa irin tamu, har sana'a ce guda ta kafu a kan wannan matsalar. Dalilinta sananne ne, maganinta ma sananne ne, kuma kusan duk abin da za ka buƙata yana nan Magazin ta Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi.

Ka ɗauka ƙura tana faɗowa ne cikin tirelarka, shi ya sa ka bi ramuka kana liƙewa. Gaskiyar magana tirelar ce ke shaƙarta. Idan kana gudu, iskar da ke wucewa da ƙarfi ta saman rufi da gefen tagogi tana jan iskar cikin ɗakin waje ta kowace 'yar kafa. Iskar ciki ta yi ƙaranci, dole wata ta shigo ta maye gurbinta. Daga ina za ta shigo? Daga ƙasa da baya, wato daidai inda tayoyin motarka da na tirelar suka tayar da ƙura take juyawa. Ka lura da motocin da ke saukowa daga Wa ko Bole a lokacin rani: gilashin gaba da ɗan dama, amma ƙofar baya ja wur, har yara na rubutu a jiki da yatsa. A bayan kowace mota mai gudu akwai wani gurbi da iska ke murɗawa ta dawo, ta manna ƙura a jiki. In ƙofar tirelarka a baya take, ko akwatin girkinka, to suna cikin wannan gurbin tun daga farkon hanya har ƙarshenta.

Sannan ga gargada. A kan irin hanyar nan mai tudu-tudu a jere da ke kaɗa haƙora, jikin tirela yana lanƙwasa yana miƙewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, bango ya matsa ciki ya koma, ƙofa ta ɗan ɗaga daga kan robarta ta zauna. Aikin zugazugin maƙeri ke nan: ta fesar da iska, ta zuƙo wata. Kafar da ba ta wuce kaurin farce ba sa'ad da tirela ke tsaye a ƙofar gida, a kan gargada baki ce mai numfashi.

Wannan ne ya sa ka ga kamar liƙin da ka yi ƙara abin ya yi, kuma mai yiwuwa ba idonka ne ya ruɗe ka ba. Wuraren da hannu ke kai wa cikin sauƙi su ka liƙe: tagogi, kafofin sama, na gaba. Su ne kuwa masu shigo da iska mai ɗan tsabta. Waɗanda ke ƙarƙashi, da sai an kwanta a ƙasa ake ganinsu, suna nan a buɗe. Ka rufe wa tirelar hancin da take shaƙar iska mai kyau, ka bar mata wanda ke cikin ƙura.

Babu wanda zai iya liƙe ɗaki mai ƙofa da taga har ƙurar arewa ta rasa hanya. Jar ƙasar da ake zuba wa hanyoyin nan, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ta ba ta wannan launi, kuma in tayoyi suka niƙa ta a rani laushinta ya fi na garin tuwo. Kaurin gashin kan mutum yana kai wa kamar maikiron 70 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali ƙurar da ke shiga ƙirji ba ta kai 10 ba. A Disamba da ka tafi, ga ta hunturu a kai, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi. Wanda ya ce zai tare wannan da salatif zai gaji bai gama ba.

Abin da ke aiki shi ne ka juya numfashin. Ka riƙa tura iska mai tsabta cikin ɗakin da ƙarfi, har ta fi ta waje yawa, yadda duk wata kafa da ta rage za ta koma mafitar iska. Ƙura ba ta iya shiga ramin da iska ke fitowa daga cikinsa. Tsofaffin direbobin hanyar arewa sun san wannan a cikin mota ko da ba su ba shi suna ba: in sun shiga ƙura sai su ɗaga gilasai duka, su kunna fankar mota a kan ta ɗebo iskar waje. Wanda ya sa ta a kan juya iskar ciki shi ne ke isa gida da jan gemu.

Ga yadda za ka yi wa tirelar. Ka je Magazin wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ka nemi fankar hura iska ta cikin mota, irin wadda ke bayan dashbod, mai aiki da batir bolt 12. Ka nemi kuma gidan matatar iskar inji, wato akwatin da filta ke zama a ciki, ka zaɓi na motar da filtarta ke samuwa a kowane shago daga Kumasi har Tamale. Wannan zaɓin ya fi ƙarfin fankar muhimmanci, domin filtar da sai an yi odarta ba za ta amfane ka a Damongo ba. A haɗa su a jere: iska ta shiga filta tukuna, sannan fanka ta tura ta cikin ɗaki. A kafa bakin shigar a can sama, a goshin tirelar ko a gaban rufi, inda ya fi nisa da tayoyi. A yi masa 'yar rumfa ta kwano mai kallon ƙasa ko gefe don kada ruwan sama ya sami filtar, saboda ta takarda ce, in ta jiƙe ta tashi aiki. Wayar wutar kuma a sa mata fis kusa da batir, a sa makunni inda hannunka zai kai kafin ka sauka daga kwalta. Wannan ɓangaren aikin mai gyaran wutar mota ne, kada ka bar wa yaron gareji ya murɗa wayoyi da hannu ya naɗe da leda.

Wasu za su ce maka ba sai da fanka ba, a yanka rufi kawai a sa murfi mai buɗewa ta gaba, gudun mota ya tura iskar. Yana aiki, kuma ya fi arha. Amma ni ban ba ka wannan shawarar ba. Ƙarfinsa ya dogara da gudu, alhali a kan gargada dole ka rage gudu, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. In kuma babbar mota ta wuce ka, ko ka bi bayan wata, gajimaren ƙurarta kai tsaye zai zuba kan gado. Mai ɗa da asma ya sa filta.

Fanka ba za ta iya cika ɗakin da ke da manyan ramuka ba, don haka liƙi yana nan, sai dai a yi shi inda ya dace. A nan ina so ka yi haƙuri ka yi aikin da idonka, kada ka wakilta kowa.

In ba ka riga ka share tirelar ba tun tafiyar ƙarshe, kada ka share. Ƙurar da ke ciki ita ce za ta nuna maka hanyarta. Ka buɗe ƙofa a hankali ka tsuguna, ka haska tocila a kwance a kan daɓe. Za ka ga inda ta fi kauri, kuma a bakin kowace kafa tana barin wani zane mai tsini a wurin shiga, yana faɗaɗa zuwa ciki. Ka bi tsinin da yatsa, zai kai ka ga ramin. Ka zaro aljihunan kabad, ka ɗaga katifa, ka leƙa bayan wurin wanke kwanuka. Yawanci abin da za ka samu: ramin da aka huda wa tiyon ruwa ya fi tiyon faɗi, wurin da wayoyin fitilun baya suka ratsa daɓe, kusurwar da rumfar taya ta haɗu da bango inda walda ta yi tsalle ta bar ƙananan idanu, da ramukan noti da aka huda aka fasa amfani da su. Ka sa wa kowanne alama da alli.

Da daddare kuma ka sa fitila mai haske sosai a ciki, ka rufe ƙofa da tagogi, ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashin tirelar. Duk inda haske ya tsargo, ƙura na bi ta nan.

Robar ƙofa tana da nata gwajin. Ka yanki takarda mai faɗin yatsu biyu, ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. In ta riƙe ta har kana jin za ta yage, wurin ya kama. In ta zamo ba wahala, robar ba ta taɓa ƙarfe a nan. Ka zagaya ƙofar gaba ɗaya taƙi bayan taƙi, musamman kusurwoyin ƙasa da ɓangaren da ke nesa da makulli. Sau da yawa robar lafiyarta ƙalau, ƙofar ce ba ta matse ta. Ƙofar da ke da sakata ɗaya a tsakiya, samanta da ƙasanta suna rawa a kan hanya. Maganin shi ne a ƙara maƙalai biyu masu jan ƙofa su danne ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In robar ce ta bushe ta tsage, a canza ta da irin ta ƙofar mota mai rami a ciki, kuma mahaɗarta ta kasance a ƙasa a manne, kada a bar giɓi a kusurwa. Soson da ake mannawa a ƙofar ɗaki ba ya jure wannan aikin, yana lotsewa ya zauna a haka.

Game da abin liƙi, silikon ɗin banɗaki da ka saya ba ya son girgiza, kuma ba ya kama wurin da ke da ƙura ko maiƙo. Ka kankare tsohon gaba ɗaya, domin sabo ba ya kama saman tsohon silikon. A wanke wurin, a bar shi ya bushe, sannan a sa gam ɗin jikin mota irin wanda masu sa gilashi ke amfani da shi, kamar Sikaflex, wanda ke bushewa ya zauna da taushi. Inda waya ko tiyo ya ratsa ƙarfe a sa zoben roba tukuna, don kada kaifin ramin ya ci wayar. Wani abu da za ka bari: ƙananan ramukan da ke ƙasan firam ɗin taga na zubar da ruwan sama ne. In ka toshe su, damina za ta ruɓar maka da katako. Da fanka na aiki ba za su dame ka ba.

Idan an gama duka, a rufe tukunyar gas ko a fitar da ita, a kunna fankar, a rufe ko'ina, ka zagaya ta waje da turaren tsinke a hannu. Inda hayaƙin ya kauce da ƙarfi daga jikin tirela, iska na fita da yawa a nan, sai ka duba ko akwai abin gyara. Fitar iska kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, abin da ake nema ke nan.

Mai waldan da kake son yi wa faɗa, shi ne mutumin da ya fi kowa sanin inda ya huda da inda ya haɗa. Ka je masa da girmamawa, ka ce masta, ga abin da na gano, zo mu duba tare. Ka nuna masa alamomin allin. Mai sana'a in an zo masa da hujja a hannu ba da zargi ba, yakan ɗauki gyaran a matsayin kare sunansa. Ka biya shi kuɗin sabon aikin, domin fanka da filta ba sa cikin cinikinku na farko. Ƙananan idanun walda da ya bari kuwa, mai mutunci zai cike su ba tare da ka roƙa ba.

Sauran ya rage ga motar da tuƙinka. A sa wa tayoyin bayan a-kori-kurar robobi masu faɗi, amma kada su riƙa jan ƙasa, a bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu da hanya in an yi lodi. Robar da ke sharar ƙasa ƙura take ƙara tayarwa. Gudu shi ne babba: yawan ƙurar da taya ke tayarwa yana ƙaruwa da saurinta, kuma mai jan tirela a kan burji ba shi da abin nema sama da kilomita 40 zuwa 50 a awa. In mota na gabanka ka ja baya har ƙurarta ta kwanta. In babba ce ke tahowa, ka rage gudu ka raɓe. Rage iskar taya kaɗan yana sassauta girgizar gargada, da sharaɗin kana da famfon da za ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi da lodi fashewa take yi. Tun da aka shimfiɗa kwalta daga Fufulso zuwa Sawla, wahalar zuwa Larabanga ta ragu ƙwarai, abin da ya rage maka shi ne rassan da ke shiga ƙauyuka da cikin daji, irin na Mognori. Ba su da tsawon da zai sa ka yi gaggawa.

Duk inda ka tsaya, ka ɗora bayan hannu a kan cibiyar tayar tirela. Ɗumi ba komai. In ta yi zafin da ba ka iya barin hannu, ƙura ta shiga boris ko giris ya ƙare, kada ka ci gaba sai an duba. Ita kuma robar ƙofa kada a shafa mata baƙin mai ko giris wai don ta yi laushi. Man fetur da danginsa suna cin roba, kuma ƙura na manne musu. Tsumma mai ɗanshi ya ishe ta.

A cikin ɗakin, in akwai kafet mai gashi a cire shi, a shimfiɗa ledar ƙasa da ake gogewa. Shinkafa da gari da sukari su koma robobi masu murfi mai kamawa. Zannuwan gado da matasai su yi tafiya a cikin babbar leda ɗaurarriya, katifa a lulluɓe, sai an isa a shimfiɗa. In kun sauka, kafin a buɗe ƙofa a goge kewayenta, don ƙurar da ta taru a kan firam ɗin tana zubowa ciki da an ja ta. Tabarma a bakin ƙofa, takalma a waje. Daɓe da bango da tsumma mai ɗanshi ake goge su, tsintsiya tayar da ƙurar take yi ta koma kan gado. Tufafi kuwa akasin haka ne: a kakkaɓe su a bushe tukuna kafin su ga ruwa, domin jar ƙasa in ta jiƙe a jikin farin yadi rini take zama.

Akwai abin da ya fi damuna a duk wannan gyaran, ina so ka riƙe shi da kyau. Ɗakin da ka rufe don tafiya ba ɗakin kwana ba ne sai an buɗe shi. Da kun tsaya, a buɗe tagogi da kafar rufi, kuma a bar wani abu a buɗe duk dare. Daren hunturu a arewa yana da sanyi, mutum yakan so ya shigo da kurfoti ko ya bar risho a kunne don ɗumi. Kada ka yarda, ko baƙo ne ya roƙe ka. Gawayi da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma yadda ka ƙara liƙe ɗakin haka haɗarin ya ƙaru. Girki a waje. Sannan ba a ɗaukar mutum a cikin tirela tana tafiya, babba ko yaro, komai gajartar hanya.

Yanzu uwargida. Ƙanena, tana da gaskiya. Uwar da ta kwana zaune tana sauraren ƙirjin ɗanta a daji, nesa da asibitin da ta sani, ba za ka shawo kanta da bayanin fanka ba, kuma bai kamata ka gwada ba. Na fahimci abin da ke ranka: ka zuba kuɗi da buri a cikin tirelar nan, ka so iyalinka su ga giwaye a Mole su yi alfahari da kai, sai abin ya zo da tari da ɓacin rai. Wannan da ciwo. Amma ka fara da ce mata ta yi daidai, ka ba ta haƙuri a kan daren nan, kada ka haɗa da cewa ai ba laifinka ba ne. Sannan ka daina maganar tafiya gaba ɗaya har aikin ya kammala.

Idan ya kammala, ka bar ta ta zama alƙali. Ta ba ka farin zane nata, ta shimfiɗa shi a kan gadon da hannunta, a rufe ƙofa a gabanta. Ka ja tirelar kai kaɗai ka nemi hanyar burji ta wajen Mampong ko Ejura, ka yi tafiya mai ɗan tsawo da fanka a kunne, ka dawo ita ta buɗe. In zanen ya fito da ja, aiki bai ƙare ba, ka koma wa tocila da alli. In ya fito fari, ka samu abin da za ka nuna mata, kuma ka samu abin da za ka nuna wa baƙinka masu biyan kuɗi, don su ma ba sa son ƙura a cikin shayi.

Ko zanen ya fito fari, shawarata kada yaron ya sake zuwa arewa a tsakiyar hunturu. Filta tana tsare ɗaki ne a kan hanya, ba ta tsare iskar da zai shaƙa in ya fito, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu hazon yana ko'ina. Na san lokacin ne aka fi ganin namun daji a bakin tafki, wannan ka bar wa baƙi. Iyali ka kai su ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, iska ba ta juya ba. Kafin nan a kai shi wurin likitan da ke dubansa, a faɗa masa inda za a je, a ji abin da zai ce. Abin shaƙarsa ya kasance a jakar uwarsa a cikin mota, kada a sa shi a tirela inda sai an tsaya an buɗe, kuma a tafi da na biyu. Ku san asibiti mafi kusa da kowane masauki tun kafin ku tashi, ku riƙe lambar gaggawa 112, duk da cewa a cikin daji ba ko'ina waya ke kamawa ba. In numfashinsa ya yi wuya har magana na gagararsa, ko maganin bai sassauta masa ba, a kwance tirelar a bar ta a nan a nufi asibiti da mota. Ranar da ake sharar ɗakin kuma ya yi nesa da wurin.

Filtar za ta riƙa cika da sauri fiye da yadda kake zato. Kowace yamma bayan tafiyar burji ka zaro ta, ka bubbuga ta a hankali a jikin taya ta ɓangaren da ƙurar take, ka goge cikin akwatin kafin ka mayar. Kada a wanke ta da ruwa, kada a hura ta da iska mai ƙarfi ta mai faci, yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ka riƙa tafiya da sabuwa guda a leda. In wata rana ka ga ja ta fara dawowa kan gado, filtar za ka fara dubawa kafin roba, domin in ta toshe fankar juyawa kawai take yi ba ta tura komai. Ta injin motarka ma ka duba ta a lokaci guda, hanya ɗaya suka bi.

Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa yaro lafiya. Ka gaida uwargida.